Shekara Tara Bayan Nafi'u, Ƙanen Da Ya Sha Gabana

A watan nan Nafi'u ya cika shekara tara a ƙasa. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni yake bi. Abokan aikinsa sun riga ni rubutu. Tun makon jiya hotonsa yake yawo a wayoyi, wannan ya ce malaminsa ne, wancan ya ce shi ya ɗora shi a hanya. Na karanta, na yi masa addu'a. Ni da na goya shi a lungunan Dala, yau ni nake jin labarinsa a bakin baƙi.

Mahaifinmu baduku ne, a zauren gidanmu yake ɗinka jakunkuna da takalma. A wannan zaure na koya wa Nafi'u lissafi da gawayi a jikin bango. Ni na fara kai shi inda ya ga kwamfuta, wani shagon buga takardu a wajen Kabuga, ina ta yi masa bayani cikin taƙama irin ta babban wa. Ba a daɗe ba mai shagon ya daina tambayata in na'ura ta ƙi aiki, sai ya ce, "Ina ƙanen nan naka?" Da idon Baba ya fara rauni, ya zama dole wani ya zauna kusa da gida. Babu wanda ya tilasta mini. Na yi kwalejin horon malamai, na kama koyar da lissafi a wata sakandare a Gwammaja, shi kuma ya wuce jami'a. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Na san karin maganar nan, saninta dai bai taɓa sanyaya mini zuciya ba.

Daga jami'a ya tafi Legas. Ya fara da rubuta manhaja a wani kamfani da ke haɗa bankuna da 'yan kasuwa, a hankali ya hau har ya zama shi ke tsara ginin gaba ɗaya. A gida ba wanda ya gane aikin. Wata rana da ya zo hutu Baba ya tare shi.

"Wai kai Nafi'u, gyaran kwamfuta kake yi ko sayarwa?"

"Ba ko ɗaya, Baba. Ka ga kafin a ɗora tubali, ai sai wani ya zana inda zaure zai zauna, inda ruwan sama zai bi ya fita, da inda za a bar ƙofar baya saboda gobara. To irin wannan zanen nake yi wa kwamfutoci, don in jama'a suka aika kuɗi lokaci guda kada ginin ya rufta."

Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe sarkin magina muka haifa." Daga ranar duk wanda ya shigo zauren sai ya ji wannan suna. Ni kuwa ina gefe ina duba jarrabawar ɗalibai, ni ke kai Baba asibitin ido, ni ke zura masa zare a allura in ya gagare shi, kuma har ya koma ga Allah Bala nake a bakinsa, ba ƙari.

Sau ɗaya na ga aikin nan da idona. Jajiberin babbar Sallah ne, Nafi'u ya iso gida ko ruwa bai sha ba wayarsa ta fara ruri. Wuta ta kama a ɗakin da manyan na'urorin kamfaninsu suke, kuɗin mutane ya maƙale a hanya, ga masu raguna sun riƙe igiya suna jira. Ashe tun shekarar da ta gabata ya matsa sai an gina wa tsarin na biyunsa a wani gari, shugabanninsa suna cewa ɓarnar dukiya ce, har ta kusa kai shi ga rasa aiki. Ya zauna a zaure, ya ɗora kwamfutarsa a kan katakon da Baba ke yanka fata, ya ce in riƙe masa waya a bakin ƙofa inda sabis ya fi kamawa. Na tsaya hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, shi yana ba mutanensa umarni ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ko rawa ba ta yi. Kafin la'asar komai ya koma kan na biyun, kasuwa ta ci gaba da ci.

Bayan Sallah hoton shugaban kamfanin aka buga a jarida, wanda ya ce ɓarna ce. Na kawo masa jaridar raina a ɓace. Ya duba ya ce, "Yaya Bala, aikinmu harsashin gini ne. Ranar da ka ji ana maganar harsashi, to gida ya tsage." Na fita ina jin haushi biyu: na yadda aka danne shi, da na yadda abin bai dame shi ba. Har wannan sanyin rai na yi masa kishi.

A ƙarshen rayuwarsa ya dawo Kano. Ya tsara wa wasu ƙananan asibitoci hanyar ajiye bayanan marasa lafiya, wadda ke aiki ko an ɗauke wuta ko sabis ya gudu, in sun dawo ta haɗa komai da kanta. Na ɗauka yanzu zan sami ƙanena. Ina! Ofishinsa na wajen Kabuga ya cinye shi. Ranar Asabar nakan wuce a adaidaita in hango motarsa, in san yana ciki da allo da alli yana koya wa 'ya'yan wasu. A can ya yanke jiki ya faɗi, hawan jini. Kafin in iso daga makaranta rai ya yi halinsa. Wani abokin aikinsa, Injiniya Mustafa, shi ya tallafi kansa, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada. Mutumin kirki ne, duk Sallah sai ya zo gaishe mu. Nakan karɓe shi hannu bibbiyu, amma ban iya daɗewa ina kallon hannuwansa.

Da Nafi'u zai leƙo yau, me zai ce? Mai shayin bakin layinmu ya liƙa lambar asusu a jikin teburinsa. Mai kayan miya ma tana karɓar tiransifa. Ɗalibaina suna tambayar waya lissafin da na ba su, ta warware musu kafin in goge allo. Na san zai yi murna, sannan ya karkata kai ya jefa tambayar da ta hana shi farin jini a wajen shugabanni: in wannan ya faɗi, wa zai ɗauki kayan? Da ya ga layin da ake yi a gaban mai POS ana cewa babu sabis, da ya ce an yi fenti an manta harsashi. Tsarinsa na asibitocin nan kuwa yana nan yana aiki. An sauya masa suna da launi, wasu na karɓar yabo a kansa. Rannan na kai matata ɗaya daga cikin asibitocin, ma'aikaciyar ta danna sau biyu bayaninta ya fito. Na buɗe baki zan ce ƙanena ne ya gina wannan, sai na ga bayana layi ne.

Ya bar 'ya ɗaya, Safiyya. A gidana ta tashi, ni na koya mata lissafi tun daga ƙidaya. Bana ta shiga jami'a, kwamfuta take karanta. Da na tambaye ta dalili, ta ce, "Baffa, so nake in zama kamar Abbana." Na ce Allah ya yi albarka, kuma har zuciyata na faɗa. An ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, to ni ma na yi wa gonarsa hidima.

In aka auna abin da ya rage na Nafi'u, akwai aikin da ba ya ɗauke da sunansa, akwai almajiran da ke ja da ni a kansa, akwai Safiyya. Sai kuma Inna, mahaifiyarmu, wadda tsufa ya fara kwashe wa tunani. Kullum da safe ni ke kai mata koko. Kwanan nan in na ɗaga labule sai fuskarta ta washe, ta miƙo hannu ta ce, "Nafi'u, ka dawo?"

Da farko nakan gyara mata, sai in ga hasken ya dushe, ta karɓi kokon ta ajiye. Yanzu na daina. Nakan durƙusa in ce, "Na dawo, Inna." Ta shafa kaina, ta sa mini albarkar da ba da sunana aka aiko ta ba, ni kuma in ce amin. Allah ya jiƙan Nafi'u, ya sa ya huta.