Issah Mai Aku, da Tsuntsun da Ya Bari

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Yuni, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Issah Mai Aku a gidansa na Maamobi, bayan gajeriyar jinya. A makon aka haifa mini jikana na fari, ina ta bin gidaje ina raba goro, baki har kunne. Gidanka na bari ƙarshe, Issah, don mu daɗe muna hira. Na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofa.

Da furfurarmu muka haɗu a makarantar yamma ta manya, benci ɗaya. Ba ka taɓa gaggauta ni ba in ina haɗa haruffa.

Kowa ya san Bature, farin akunka mai rawayan tukku. Da maƙwabta suka ce ka yanke masa fiffike, cewa ka yi, "Ai ba kaza ba ce. In na hana shi tashi, ta ina zan san zuciyarsa?" Kai ka nuna mini: in ya buga fiffike da ƙarfi, ya saki jiki ya sulalo, ya kewaya tsakar gida, lafiyarsa lau. In ya miƙe tukku yana ƙara, a janye hannu. "Kada ka kira shi, Alhaji. Zauna kawai, shi zai zo."

Haka ka yi da ɗana Faisal sa'ad da ya daina yi mini magana. Kakan je shagonsa a Abossey Okai ka zauna, ba wa'azi, har ya dawo gida da ƙafarsa. Shi ne uban jaririn nan.

Tun rasuwarka Bature ya daina tashi, yana fige gashin ƙirjinsa. Matarka, Hajiya Zuera, ta ce ba ta iya kallo, za ta miƙa shi ga masu sayar da tsuntsaye. Na san can almakashi ne, fiffike za su yanke masa. Na roƙe ta ta ba ni lokaci. Kullum da safe nakan zauna a bencinka da gyaɗa a tafin hannu, ba na kiransa.

Ranar suna, kafin in bar gidanka, Bature ya tashi. Tashi ne na rauni, ƙasa-ƙasa. Bai hau kafaɗata ba, gefen da kake zama ya sauka. Hajiya ta ce, "To, Alhaji, ɗauke shi." Jaririn kuwa Issah aka raɗa masa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Hajiya Zuera da 'ya'ya, Allah Ya ba ku haƙuri, mu da ku. Amin.