Ya Fanna da Muryar Innata

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris na 2003, Allah Ya karɓi ran Ya Fanna a gidanta da ke Dutse, bayan ta sha jinya. Ni ce Mu'minatu maƙwabciyarta. Karatuna bai yi nisa ba, amma na kasa yin shiru.

Ya Fanna, kin zo mana daga Haɗeja shekarar da aka yi jiha, da akwati ɗaya da rikoda. Aikin ofis ya kawo ki, amma duk Asabar sai ki hau mota zuwa ƙauyuka, ki zauna gaban tsofaffin mata kina ɗaukar labarinsu a kaset. Har Miga kika bi ni wajen mahaifiyata, Inna Gaji. Ta ce, "'Yar nan, me za ki yi da surutun tsohuwa?" Kika ce, "Inna, ajiya zan yi wa jikokinki." Ranar ta ba ki labarin shekarar yunwa, ta yi miki waƙar niƙa har ta sa ki dariya. Damina ba ta zagayo ba ta rasu.

Da kwamfuta ta zo, ke da abokiyar aikinki Juliana kuka juye kasakasan nan a ciki. Mun ga amfani. Ba a jan zaren kaset da biro, murya ba ta shaƙewa, kuma kowa ya zo sai a nemo masa kakarsa nan take. Sai kika mayar wa kowane gida kaset ɗinsa, don kin ce amana ce. Lokacin an fara shari'ar Musulunci, kowa na son wa'azi, kaset kuwa ba a barinsa haka. Gida-gida aka ɗora wa'azi a kan muryar tsofaffi, ana cewa ai tana cikin kwamfuta. Namu ma, kafin in je Miga, ƙanena ya ɗora.

Rannan wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone da duk abin da ke cikinta.

Ba ki aiko kowa ba. Da ƙafarki kika shigo ɗakina, kika ce, "Mu'minatu, na zo yi miki gaisuwar Inna karo na biyu." Muka yi kuka tare. Daga nan ba ki huta ba. Kin tuna Juliana ta taɓa juyar wasu a faifai kafin ta koma garinsu, kika yi ta aika mata saƙo ta bakin direbobi, har ciwo ya kwantar da ke.

Ranar sadakar bakwai sai ga Juliana ta zo gaisuwa, idonta ya kumbura. Ta miƙo mini faifai ƙunshe a ɗankwali, ta ce, "Maman Rashida, saƙon ya same ni, ni ce na makara."

Aka kunna mana a shagon Ɗan'inna mai kwamfuta. Inna ta soma magana, Rashida 'yata ta ƙanƙame hannuna, don ba ta taɓa jin muryar kakarta ba. Can sai wata murya ta ce, "To Inna, sai aka yi yaya?" Ke ce. Kin ɗauki muryar kowa, taki kuwa iyakarta ke nan.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haɗa ki da Inna a Aljanna. Ina yi wa mijinki Malam Mele da ɗanki Huzaifa da dangi na Haɗeja ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙuri. Huzaifa, idan kewa ta dame ka, ka zo. Muryar mahaifiyarka tana wajena.