Safayar Alhaji Nababa

Alhaji Nababa Iliyasu shekarunsa saba'in da ɗaya, tsohon direban babbar mota ne, kuma magidanci a Unguwar Marke, wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin gero da gyaɗa a gabashin Ɗanbatta. Tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi mota. Da yaron mota ya fara, yana ɗaure tamfol yana sa wa taya waigi, har ya kama sitiyari. Ya kai shanu kudu, ya dawo da goro da manja. Bai taɓa kayar da mota ba, kuma ba ya faɗar haka sai an tambaye shi.

Hawan jini ne ya sauke shi daga mota. Wata safiya bayan kaka ya tashi ɓarin jikinsa na hagu ya ƙi motsi. Ya yi jinya a Kano, aka dawo da shi yana jan ƙafa, yatsun hannun hagu a dunƙule. Daga nan ya daina fita, in ban da masallacin ƙofar gida. Ba ya son tsofaffin abokan aikinsa su ga ana riƙe shi.

Likita ta ce a samo masa abin da zai riƙa motsa hannun. Ɗansa Munir, wanda ke aiki a Kano, ya kawo kwamfuta laftof da wani ƙaramin sitiyarin roba mai totur da birki, sannan ya saya masa wasan tuƙin manyan motoci ta intanet. Alhaji ya juya sitiyarin ya ce, "Wannan ai murfin tukunya ne." Bayan mako guda matarsa, Hajiya Zulaihatu, sai ta kira shi sau uku kafin ya zo cin tuwo.

Kullum bayan la'asar yakan zauna a zaure, a jona kwamfutar da batirin sola. A cikin wasan ma daga ƙasa ya faro, yana tuƙa motar wasu, har ya mallaki tasa. Ya sa aka yi mata koren fenti, irin na motar da ya fi daɗewa da ita a zahiri. Ba ya gudu, ba ya shan kwana sai ya ba da sigina. A hankali yatsun nan suka fara buɗewa, suna kama gefen sitiyarin.

Matsalar wasan ɗaya ce: ba ya buɗewa sai ya ji sabis. A Unguwar Marke kuwa sabis baƙo ne. Akwai ƙusa a jikin tagar zauren inda ake rataye waya, in an yi sa'a ta kama, kwamfutar ta ja daga gare ta. Ana cikin wannan lallaɓawa saƙo ya shigo cewa kamfanin da ya sayar da wasan zai rufe shagonsa a ƙarshen wata, duk wanda ya saya ya sauke nasa ya adana.

'Yarsa Asiya ce ta karanta masa. Malamar kwamfuta ce a wata makarantar 'yan mata a Ɗanbatta, takan zo gida duk Asabar.

"Wato abin da Munir ya saya ba namu ba ne?"

"Namu ne, Baba. A wurinsu dai yake ajiye."

"Ikon Allah. Mota tawa, makulli a aljihun wani."

Asabar ta gaba ta zo da filash, ɗan abin adana bayanai da bai kai yatsa ba. Ta sauke cikakken wasan a ciki, irin wanda ba ya neman sabis. Ta ɗora masa a tafin hannu ta ce, "Ga safayarka."

Kalmar ta yi masa daɗi, amma ta tuna masa da aiki. A zamaninsa ba ya tashi tafiya sai an kwance safaya, an mirgina ta a ƙasa, an auna iskarta, ko da jiya aka saye ta. Ya ce a gwada. Asiya ta ce da ma abin da ta zo yi ke nan. Ta sauko da wayar daga ƙusa ta kashe data, ta sa wasan daga filash. Ya buɗe lafiya lau, har da ƙarar inji. Sai dai babu koriyar mota. Wasan ya tambaye shi sunansa, kamar yau suka fara haɗuwa.

Alhaji ya juyo ya ce, "Ina motata?"

Asiya ta bincika ta gano dalili. Wasan daban, tarihin tuƙinsa daban. Motar da duk hanyoyin da ya bi suna can a ma'ajiyar kamfanin, kuma ranar da aka rufe shago za su tafi tare. Sai an kai kwamfutar inda sabis ke da ƙarfi, an buɗe tsohon wasan, an janyo su. Ta ce za ta tafi da kwamfutar ta dawo masa da ita.

"A'a," in ji shi. "Motata ce. Ni zan je in ɗauko ta."

Hajiya Zulaihatu, da ke tsaye a bakin ƙofa da faifai a hannu, ta ce, "Alhaji, kai da ko sunan jikanka ba ka je ba?"

"Fito min da farar rigar nan."

Ranar kasuwar Ɗanbatta suka shiga motar haya ta wani matashi, Sabiru, aka ba Alhaji gaba. Kafin su hau kwalta ya gaya wa Sabiru cewa yana kwana a kan kuloci, kuma tayarsa ta baya tana neman iska. Sabiru ya yi ta cewa, "To, Baba," har suka isa.

Inda sabis ya fi ƙarfi shi ne rumfar direbobi a tasha, wurin da Alhaji ya fi gudun zuwa. Asiya ta riƙe shi ya sauko, kowa yana gani. Wani tsoho mai suna Ɗan'auta, wanda suka yi shekaru suna bin hanyar kudu tare, ya taso yana tafa hannu.

"Nababa! Ashe kana duniya? An ce ka koma tuƙa talabijin!"

"Na koma. Ita ba ta faɗawa rami da shanun mutane, kamar wani da na sani."

Aka kwashe da dariya, aka matsa masa a benci. Asiya ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta. Ba a jima ba koriyar motar ta bayyana, tana tsaye inda ya bar ta. Ɗan'auta ya miƙa hannu zai kama sitiyarin, Alhaji ya tare shi da sanda.

"Dakata. Malama, kin kwafa?"

Ta kwafe tarihin a filash biyu, ta kashe data, ta sake buɗe wasan. Motar tana nan. Sai a lokacin ya janye sandar. Ɗan'auta ya taka totur, bai kai kwanar farko ba ya tura motar cikin gonar wani. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce a mayar masa da ita daga safaya.

Kamfanin ya rufe shagonsa kamar yadda ya faɗa. Filash ɗaya yana cikin kwallar Hajiya Zulaihatu, a naɗe da ƙyalle, ɗayan yana gidan Asiya. Ƙusar tagar zaure ta koma wurin rataye hula. Yanzu ranar kasuwa Sabiru yakan tsaya a ƙofar gidan ko ba a kira shi ba.

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, Alhaji Nababa ya sa aka goge wasan daga kwamfutar, aka sake sa shi daga filash ɗin kwalla don a ga ko yana nan lafiya. Da motar ta fito, ya ɗora hannun hagu a kan sitiyari, ya sa ribas, ya shigar da ita gareji.