Gorar Kawu Nomau a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Nomau a Greensboro ta Amurka ya san ba ya taɓa kifi sai ya ji asalinsa. Zai ɗaga shi ta wutsiya, ya leƙa idonsa, ya ce, "Wannan ɗan ina ne?" Ranar sunan jikan Hajiya Rabi ya yi mata tambayar a gaban jama'a, ta ce, "Malam, ɗan firiza ne, a can na same shi!" Ya ajiye, ya ci shinkafarsa tsura.

Yayan mahaifiyata ne. Masunci ne a Gaya, bakin Kwara, kafin ya zo nan ya ƙare da ɗaukar kwalaye a wani sito a Wendover. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ni ke fara dariya in ya buɗe baki.

Wata rana matata ta soya kifi, ya fasa cikin ya tarar da ƙwai. Innalillahi! Ya ture kwanon ya ce, "Amarya, kin soya gari guda, har da limaminsu."

Ta ce, "Kawu, ai a mace na sayo shi."

"To ki yi musu addu'a."

Abin ya tsananta ranar da muka ga wani shiri a talabijin, na fassara masa cewa akwai wurare a teku da aka keɓe, aka hana kamun kifi a ciki don ya hayayyafa. Sai ga Kawu a tsaye. "Hurumi! Sun kwaikwaye mu!" Ya ce a gida Sarkin Ruwa kan kafa gora mai jan ƙyalle a gurbin da kifi ke zuba ƙwai, ba mai jefa taru a wurin sai ya tuge ta.

Don tsokana na ce, "To ai wuri ɗaya ya ishe su, Kawu."

"Kai Salisu, in za ka New York, a gida kaɗai kake shan mai? Kifi matafiyi ne. Inda ake haihuwarsa daban, inda yake girma daban. Sai an jera masa masauki."

Tun daga ranar ba shi da buri sai ya ga hurumin nan da idonsa. Ba ya tuƙi, ni kuma kullum da uzurin obataim. Sai da likita ya ce zuciyarsa ta gaji na ji kunya, na ce ya shirya.

Jama'a, da gora ya fito! Ya roƙo ta a gonar wani Bature a Summerfield, ta fi motata tsawo, ga jan ƙyalle a kanta.

"Kawu, ina za mu da wannan?"

"Zan je wurin mutane hannu rabbana?"

Haka muka yi tafiyar rabin yini, ƙyalle na kaɗawa ta taga.

Da muka isa ya tsaya yana kallon teku, bai taɓa ganin ruwan da ba shi da ƙetare ba. Can ya ce, "Ina gorarsu?" Na tambayi wani tsohon masunci da ke gyaran ƙugiya. Ya ce wurin yana can ciki nesa, babu alamar komai, sai dai a taswirar na'urar jirgi. Ashe na kawo mutum marar lafiya ya ga abin da ba a gani. Na fassara wa Kawu a hankali.

Ya ce, "Ba gora, kuma suna kauce masa?"

"Ya ce yawancinsu."

"Bon, madalla. Ashe da sauran mutane a duniya."

Duk da haka ya naɗe wando, ya shiga ruwa har gwiwa, ya kafa gorarsa da bisimilla. Igiyar ruwa ta zo ta tuge ta, ta yi ciki da ita. Na zabura zan kamo, ya riƙe hannuna.

"Bar ta, Salisu. Su suka aiko a karɓa."

A hanyar dawowa ya yi barci kamar jariri, wandonsa jiƙe, yashi a ƙafa. Bai ga Sallar da ta biyo ba.

Allah Ka jiƙan Kawu Nomau, Ka haskaka kabarinsa. Ya tausaya wa halittun da ba su da bakin godiya, Ka tausaya masa, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.