Ranar da muka yi wa Faunda jaje

Wani saurayi mai kiran kansa "Faunda" yana tsaye a ɗakin taro a Gwarzo, da baƙar riga mai shaƙe wuya a wannan zafin, ya ce: "Na bar jami'a a aji biyu. Na kafa kamfani uku, duk sun rushe!" Sai ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Ni saboda ƙanina Sadiku na je. Tunda ya fara kallon mutumin nan a waya ya rantse sai ya bar makaranta ya zama "Faunda", wato mai kafa kamfani. Na yi faɗa har na gaji, shi ne na ɗauko Kawu daga Getso.

A ɗakin taron babu wanda ya tafa. Sai Kawu ya miƙe.

"Inna lillahi! Har uku, yaro? Iyayenka na da rai?"

"Baba, ai faɗuwa ita ce nasara..."

"Haka ne, daure. Jama'a, a yi masa Fatiha."

Wallahi kowa ya ɗaga hannu. Muna shafawa dattawa suka bi layi suna yi masa jaje.

A hanyar gida Sadiku ya ce, "Yaya, ran Litinin ake komawa makaranta ko?"

Na daɗe ina ɓata yawuna, ashe Fatiha ɗaya ce maganin. Mai ƙani irin nawa ya yi magana, ina ba da aron Kawu.