Bokan Matan Ranar Laraba

Har yau ban manta da Larabar da na laɓe a bayan bishiya ina leƙen shugabata a wurin aiki ba, ni da girmana, da hijabi har ƙasa, sauro yana ta cin ƙafafuna. Ku da kuka fara aiki da mu a bana kuna yawan tambaya me ya sa nake dagewa sai kowace sabuwar malama ta bi yara fitar Laraba tun makonta na farko. To ga dalilin, kuma ku sani ba ni ce gwanar labarin ba.

Lokacin watana biyar da zuwa Kuala Lumpur, huɗu da fara aiki. Maigidana yana karatun digiri na uku, muna zaune a wani dogon bene a Pantai Dalam inda 'yan Najeriya suke da ɗan yawa. Iyalai bakwai ne suka haɗa kai suka ce za su koyar da 'ya'yansu a gida, yara tara, a falon wani gida da ke hawa na shida. Suka ɗauko Cikgu Aini ta shugabanci abin. Cikgu a harshen Malay malami ko malama ke nan. Dattijuwa ce 'yar ƙasar, ta yi ritaya daga koyarwa a firamare. Ni kuma aka sa ni mataimakiyarta saboda na yi shekara shida ina koyarwa a Kano. Aikina daga bayan Azahar yake farawa: karatun Alƙur'ani, Hausa, da bitar lissafi. Da Turanci muke magana da ita, don Malay ɗina a lokacin bai wuce na sayen abinci ba.

Tun ranar farko tsarinta bai kwanta min ba. Babu ƙararrawa, babu jarrabawa, bulala kuwa ko maganarta ba a yi. Kowane wata sai ta ɗauki jigo guda, komai a kansa za a koya. A watan ruwa, auna ruwan sama a kwalba shi ne lissafi, rubuta labarin kogi shi ne Turanci, hukuncin ruwan alwala shi ne addini. Da na tambaye ta ina manhajar da muke bi, sai ta yi murmushi ta nuna min taga. Na ce a raina, wannan wasa ne kawai aka yi masa suna makaranta. Duk ranar Laraba da safe kuma takan kwashi yaran zuwa wani ɗan daji da ke kan tudu kusa da unguwarmu. Sau uku tana gayyata ta ina zillewa. Na ji an ce akwai birai da matsattsaku, kuma ni ban ga abin da malama mai takardar shaida za ta je nema a cikin ciyawa ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni raina aikin gaba ɗaya, wato Hafsat. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, 'yar maƙwabciyata. An fara sa ta a wata makarantar kuɗi, yara suka riƙa yi wa Turancinta dariya, sai ta kulle bakinta. A waje ba ta magana ko kaɗan, a gida ma sai da kai take amsawa. Ni na lallashi mahaifiyarta ta kawo ta wurinmu, na ce ta ɗora min komai a wuyana. Cikin wata uku Hafsat ta fara gaisuwa, ta fara tambaya, har wata rana na ji ta tana musu da wata yarinya a kan fensir. Ranar sai da na yi ƙwalla.

A wata na huɗu jigonmu bishiya ne. Ran nan Litinin bayan La'asar sai Maman Hafsat ta kira ni gidanta. Ina shiga ta mayar da ƙofa ta rufe, ko ruwa ba ta ba ni ba, ta ajiye wani abu a kan tebur. 'Yar jakar yadi ce an ƙulle bakinta da jan zare, an rubuta sunan Hafsat a jiki. Ta kwance. A ciki akwai busassun ganyaye, da sassaƙe, da guntuwar saiwa, da jar ƙasa a leda, da gashin tsuntsu guda ɗaya. Ta ce a ƙarƙashin matashin yarinyar ta tsince ta. Duk wadda ta tashi a Kano ta san da me irin wannan ƙulli yake kama.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce jiya ta leƙa ɗaki ta ga Hafsat ta jera 'yan tsananta a ƙasa, ta rufe musu ido da tsumma, tana wasu 'yan maganganu ƙasa-ƙasa, can sai ta tafa hannu ta ce, "Boka mata." Da ta tambaye ta wa ya koya mata, sai ta ce Cikgu ce take faɗa duk Laraba a gindin babbar bishiya.

"Malama Bilkisu, wane bokan mata ake kai min 'ya wurinsa?" in ji ta. "Yarinyar da doctors suka ce sai a hankali, suddenly ta fara magana. Ke ba ki taɓa tambayar kanki da me aka buɗe bakin ba? Wallahi I'm not comfortable. Gobe zan cire ta, kuma sai na faɗa wa sauran iyaye."

Na san idan aka cire Hafsat, bakin nan sake rufewa zai yi, wataƙila ma ya fi na da. Na roƙe ta ta ba ni zuwa Laraba mu gani da idonmu. Ta yarda da ƙyar. Amma gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce, ni ma maganar ta shige ni. Ko maigidana ban gaya wa ba, don na san dariya zai yi, ni kuma ba dariya nake so ba, so nake a ce zargina yana kan hanya.

Talata na je aiki da wuri, na zuba wa Cikgu ido. Abin mamaki, duk abin da na saba gani kullum ranar sai ya canza min kama. Man da take shafa wa yara a hannu, wanda na san na korar sauro ne, sai na ji ƙamshinsa bai yi min ba. Ta shafa kan Hafsat, na ce me ya sa ita kaɗai. Ta zuba min shayi, na ce azumi nake, alhali na ci ƙosai da safe. Da ta shiga yin alwala sai na buɗe kabad ɗin da take ajiye kayan Laraba, abin da ban taɓa yi ba. Ga jakunkuna nan a jere, guda takwas, kowace da sunan yaro, kowace da jan zare. A can ƙurya kuma ga wata ita kaɗai. Na juyo ta. An rubuta Bilkisu.

Ban tsaya duba abin da ke ciki ba, na mayar na rufe. Ranar karatun Alƙur'ani da na yi wa yara da ƙarfi na yi shi, kuma Allah ya sani ba don yaran na ɗaga murya ba.

Laraba da safe ni da Maman Hafsat muka bar su suka yi gaba, sannan muka bi sawu daga nesa. Hanyar duk laka ce, an yi ruwa da asuba. Muka sami wata bishiya mai kauri muka raɓe. Cikgu ta shimfiɗa tabarmi a gindin babbar bishiyar, yaran suka zauna suka tanƙwashe ƙafa. Ta faɗi wata kalma, duk suka rufe ido. Ta ce su ja numfashi a hankali, su riƙe, su sake. Daga nan sai shiru, babu abin da ake ji sai kukan tsuntsaye da ɗigar ruwa daga ganye. Yara tara, har da masu ƙiriniyar da ke sa ni ciwon kai, ko motsi babu. Maimakon abin ya burge ni sai ya ƙara min tsoro, na ce yaro ba ya natsuwa haka da ikon kansa. Bayan kamar minti biyar sai Cikgu ta tafa hannu sau ɗaya, ta faɗi kalmar nan da muka zo ji.

Maman Hafsat ta damƙe min hannu. "Kin ji ko? Kin ji da kunnenki?"

Ban san lokacin da na fito daga bayan bishiyar ba. Na tsaya a gaban yara, takalmina duk laka, na tambayi Cikgu da Turanci wane ne wannan bokan da take kira, kuma me ta ƙulla a jakar da ke da sunana. Ta dube ni, ta dubi Maman Hafsat, a fili ba ta gane ko ɗaya ba. Sai Hafsat ta miƙe, yarinyar da a da ko sunanta ba ta iya faɗa a gaban mutane.

"Mama, ba boka ba ne, buka ne," in ji ta. "Buka is open. Mata kuma ido ne." Ta ɗora yatsa a kan idonta. "Tutup mata, mu rufe. Buka mata, mu buɗe, sai kowa ya faɗi sauti nawa ya ji. Ni yau seven na ji. Ɗaya ma ke ce, da kika ce wa Anti Bilkisu sauro ya cije ki."

Yaran suka fashe da dariya. Ni kuwa na tuna allon da nake gani kullum rataye a ƙofar kantin da nake sayen burodi, an rubuta BUKA da manyan baƙaƙe. Wata biyar ina tura wannan ƙofar ina shiga. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da na ɗauka an gama, ashe da saura. Cikgu ta sa yaran su je su nemo ganye uku-uku masu siffa daban, sannan ta tambaye ni mene ne boka a harshenmu. Dole na faɗa mata. Ta ce su a nan bomoh suke kiransa. Murmushin da ban taɓa ganin fuskarta babu shi ba ya ɗauke. Matar nan ta yi aikin Hajji, ba ta taɓa bari sallah ta wuce ta a gabana ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da na fi samun sauƙi. Ta yi wa Maman Hafsat bayani a natse: abin da ke cikin jakar na jigon watan nan ne, ganyen ana auna tsawonsa a lissafi, ana rubuta sunansa da harshe uku, saiwa da ƙasa na darasin kimiyya ne. Hafsat ce ta roƙa ta tafi da tata gida saboda tana son ƙamshin wani ganye a ciki. Zaman shirun kuma ta ce tafakur sunansa a wurinsu, a natsu a saurari halittar Allah. Na ji kalmar sarai, tafakkuri ce tamu ta islamiyya.

Sannan ta buɗe jakar hannunta ta ciro wadda ke da sunana, ta miƙo min. Babu komai a ciki.

"Tun makonki na farko na ɗinka ta," in ji ta. "Duk Laraba nakan zo da ita, ko za ki biyo mu. Uwa tana da haƙƙin ta ji tsoro, ita ba ta san ni ba. Ke kuwa wata huɗu muna cin abinci a faranti ɗaya. Tambaya ɗaya ta isa, Bilkisu."

Na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe. Hafsat ta ci gaba da zuwa. Amma ashe tun daren Litinin Maman Hafsat ta riga ta ɗan tsegunta wa wata ƙawarta, ita kuma ta kai gaba. Kafin Juma'a iyalai biyu sun janye 'ya'yansu uku. Mun bi su har gida, ni da Maman Hafsat, mun yi bayani, sun yi dariya tare da mu, sun ce Allah ya kyauta, amma yaran ba su dawo ba. Cikgu ba ta taɓa ɗora min laifin ba. Sai dai ta daɗe kafin ta sake zuba min shayi ba tare da ta fara tambaya ko azumi nake ba.

Abin da na koya game da wannan aikin shi ne, a makarantar gida ba ki da katanga, ba ki da allon suna da zai tsaya miki. Amanar iyaye kaɗai ke riƙe da ke, kuma duk abin da suka sani game da ke daga bakin yaro suke jin sa, guntu-guntu, cikin harsuna uku da suka cakuɗe. Iyayen da ke nesa da gida kuma tsoronsu a kusa yake, bai kamata a ga laifinsu ba. Shi ya sa yanzu kafin mu fara kowane jigo muke kiran iyaye mu nuna musu duk abin da yaro zai kawo gida, mu fassara musu duk kalmar da zai riƙa maimaitawa. Wannan na iyaye ne. Naku kuma shi ne, idan kin ga abin da bai kwanta miki ba a wurin abokiyar aikinki, ki tambaye ta tun kafin ki fara buɗe mata kabad.

Jakar tana nan a wurina, ta cika da ganye har zaren ba ya ƙulluwa. Naku ma na ɗinka, suna cikin kabad da sunan kowacce. Laraba ƙarfe takwas, ku zo da takalmin da ba kwa jin tausayinsa.