Malam Ghali da Ramin Bayan Gari

A shekarun baya, da an idar da sallar asuba a Riruwai, kafin masu shayi su hura wuta, sai ka ji kukan baron Malam Ghali yana gangarawa bayan gari. Baron ya tsufa, mai shi ma ya tsufa. Ba gwamnati ce ta aike shi ba, ba kamfani ba. Rami yake zuwa cikewa, irin wanda masu haƙar kuza suka tona, suka kwashe abin da suke so, suka yi gaba abinsu.

Shi ma tsohon mahaƙi ne, ƙurar ramin ce ta zauna masa a ƙirji har yau. Wata damina ramin ya cika da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsa. Ummulkhairi, 'yar wani makiyayi Hamman, tana dawowa daga tallan nono ta zame ta faɗa ciki. Ghali yana cikin waɗanda suka ciro gawarta. Hamman ya tashi da rugarsa zuwa wajen Tudun Wada, ya ce ƙafar saniyarsa ba za ta ƙara taka ƙasar nan ba. Sauran makiyaya ma suka ƙaurace wa wurin.

Mu kuwa me muka yi? Muka ce Allah ya jiƙanta, muka koma gindin bishiya. Ghali ne kaɗai ya ɗauki shebur.

Ba'a kam ya sha ta. Wani ya ce masa, "Haba Malam, da baro? Wannan ai sai katafila!"

Ya ce, "To ku kawo katafilar. Kafin ta iso ina rage mata aiki."

Duwatsu ya fara jefawa, sannan tsakuwa, sannan jar ƙasa. Sai ya bar damina ta dake ta, in ta lotsa ya ƙara. Shekaru ya yi a haka, har ramin ya zama fili. Amma ya shuka masara, ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya ta mutu. Baƙar ƙasar da ke ciyar da shuka tuni mahaƙa suka cakuɗa ta da tsakuwa. Irin wannan wuri ba ya farfaɗowa sai garke ya kwana a kansa rani guda, shanu sun tattake shi sun bar masa taki. In babu shanu, duk wahalar nan ta tashi a banza.

Ghali ya hau acaɓa ya tafi wurin Hamman. Bayan gaisuwa ya ce, "Na rufe ramin, amma ƙasar ta ƙi tashi. Shanunka nake roƙo."  Hamman ya sa aka dama masa fura, ya raka shi bakin hanya, ya ce, "Allah ya kai ka gida lafiya."

Bara tari ya kwantar da Ghali, likita ya ce shi da shebur har abada. Wallahi ranar da na je duba shi na kasa haɗa ido da shi. Bayan kaka, sai ga matarsa Luba ta shigo da sauri: "Malam, shanu! Shanu a filinka!" Aka tallafe shi zuwa wurin. Hamman yana tsaye da sandarsa a kafaɗa, ya ce, "Malam Ghali, nuna mini daidai inda kuka ciro ta. Nan zan shimfiɗa buzuna." Ghali ya nuna masa wurin da hannu.

Malam Ghali, kai ne ka toshe bakin da ya cinye mana 'ya. Ka ba ƙasa sauran ƙarfinka, ko sannu ba mu ce maka ba sai yau da ka kwanta. Mun gode, Allah ya saka maka, ya sassauta maka ƙirjin nan. Ko za ka ci masarar filin, Allah ne masani.

A bayan dutse kuwa ana nan ana tona sababbin ramuka, damina tana tafe, yara mata suna bin hanyar da ƙwarya a ka. Jama'ar Riruwai, baron yana jingine a zauren Malam Ghali. Na tambayi Luba, ta ce bai hana kowa ɗauka ba.